Ranar da na yi wa ɗan sanda tambayoyi a gaban alƙaliya

Kwanakin baya na tsaya a gaban alƙaliya a nan jihar Maryland ta Amurka a kan takardar tarar gudu, kuma tun daga ranar ba mu daina gardama da 'yan gida a waya ba. Wasu cewa suke yi rashin aikin yi ne mutum ya bar neman kuɗinsa ya tafi kotu saboda dala 90. Yayana kuwa da ya ji an ambaci kotu sai da ya yi salati, ya ce, "Kai yaron nan, me ka yi musu? Duk garin ba ka san kowa ba da zai sa baki?" Na gaji da maimaita labarin ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Da asuba ne, na taso daga aikin dare, hanya kusan fayau. Allon gefen titi ya ce mil 55 a awa, wato wajen kilomita 88. Sai ga fitila ja da shuɗi a madubina. A nan idan an tsayar da kai ba ka fitowa daga mota. Abin da muka sani a matsayin ladabi, ka fito ka ƙarasa wajen mai kaki kana murmushi kana gaisuwa, a nan shi zai iya jawo maka harsashi. Gefe kake gangarawa, ka kashe mota, ka sauke gilashi, ka ɗora hannuwanka biyu a kan sitiyari inda zai gan su. Ko takardun mota za ka ɗauko sai ka faɗa masa inda hannunka zai tafi. Duk baƙin mutum da ke tuƙi a ƙasar nan ya san sunan Philando Castile, wanda ɗan sanda ya harbe a cikin motarsa a jihar Minnesota a 2016, kuma ba ni kaɗai nake tuna shi ba idan fitilar nan ta kama.

Ɗan sandan ya ce na'urarsa ta kama ni ina mil 72. Ya karɓi lasisi da rajistar mota, ya koma motarsa ya danna kwamfuta, ya dawo da wata doguwar takarda da injin cikin motar ya buga. Ya miƙo min ita tare da lasisina, ya ce in sauka lafiya. Shi ke nan. Bai zare makulli ba, bai buɗe ƙofa ya zauna a kujerar gaba ya ce mu je ofis ba. Maganar a ba shi na goro kuwa ko a mafarki, domin wannan laifi ne na daban da zai iya sa ka kwana a hannu.

Takardar ta ba ni kwana 30 in zaɓa. Ko in biya, wanda ke nufin na amsa laifi. Ko in nemi zama gaban alƙali in ce na yi amma ga uzurina a sassauta min, wanda ba a kiran ɗan sandan ma. Ko kuma in ce ban yarda ba, a yi shari'a, shi ma ya zo. Idan ka share takardar ba wanda zai biyo ka da kulki. Kotu za ta sanar da hukumar lasisi ta jiha a dakatar da lasisinka, ranar da aka sake tsayar da kai kuma maganar ta girmi ta gudu.

Masu cewa dala 90 ce kawai ba su san inda gizo ke saƙa ba. Kuɗin tarar shi ne ƙaramin abin. Kowane laifin tuƙi yana da maki da ake rubutawa a kan sunanka: wuce ƙa'ida da mil 10 zuwa sama maki 2 ne, idan ya kai mil 30 ya zama maki 5. Ka tara 5 a cikin shekara 2, a tura ka ajin gyaran tuƙi kamar ɗan koyo. Ka kai 8 a dakatar da lasisin, 12 a soke shi gaba ɗaya. Sannan ga kamfanin inshora, wanda dole ne ka yi kafin ka hau titi, yana leƙa wannan rajista ya ƙara maka kuɗin wata-wata na tsawon shekaru. 'Yan'uwanmu masu jan Uber kuwa abincinsu ne a kan layi. Kuma mu nan da sauƙi. Ka tsallaka kogin Potomac ka shiga Virginia, wuce ƙa'ida da mil 20 ko zarce mil 85 tuƙin ganganci ne a dokarsu, laifin da hukuncinsa zai iya kai wa ɗaurin wata 12 da tarar dala 2,500. Akwai ɗalibanmu da suka shiga wannan ramin ba su sani ba.

Ni dai na san wata a-kori-kura ta wuce ni fuu a daidai wurin, kuma na yi imani ita na'urar ta kama. Sai na cike gurbin shari'a na aika. Bayan wani lokaci wasiƙa ta zo akwatin gidana da rana da ƙarfe da lambar ɗakin kotu.

A ƙofar ginin sai ka zube makulli da waya da bel a wani faranti, ka bi ta na'urar bincike irin ta filin jirgi. A bango akwai jerin sunaye da lambar ɗaki. Ɗakin kansa ba wani ƙato ba ne: bencina na katako a jere, teburin alƙali a sama kaɗan, tutar Amurka a gefe guda, tutar jihar mai baƙi da ruwan ɗorawa da ja da fari a ɗayan gefen. 'Yan sanda sun zauna a nasu layin kowa da fayil a cinya. Mu masu takarda mun cika sauran wurin. Ga mai kwat da jakar ofis, ga birkila da siminti a takalminsa, ga wata tsohuwa da jikarta ta rako ta, ga wata mata da ba ta jin Turanci an kawo mata tafinta na Sifaniyanci kyauta. Ba kujerar manya, ba wanda aka shigar ta ƙofar baya. Ma'aikacin kotu ya ce a tashi, muka miƙe, alƙaliya ta shigo da baƙar riga ba hular gashi, ta fara da karanta mana haƙƙoƙinmu, har da cewa wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara, kuma duk abin da aka faɗa ana naɗa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne da aka kira sunan wani ɗan sanda shiru, aka sake kira shiru. Alƙaliya ta kira mutanen da ya rubuta wa takarda ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce bai amsa laifi ba, ta ce babu mai shaida, a tafi. Ba a ɗage zama don a jira ranka ya daɗe ya samu sarari ba. Na yi ta addu'a Allah ya sa nawa ma barci ya kwashe shi. Ina ɗaga kai na hango shi a layin gaba yana duba fayil.

Da aka kira ni ƙafata sai da ta nemi lanƙwashewa, saura ƙiris in durƙusa, don jikin Bahaushe bai saba tsayawa ƙiƙam a gaban mai shari'a ba. Aka ce mu ɗaga hannun dama, ni da ɗan sandan, muka yi rantsuwa iri ɗaya a lokaci ɗaya. Babu lauyan gwamnati a irin wannan ƙaramar ƙara, shi da kansa yake kawo hujjarsa. Ya faɗi rana da lokaci da inda ya tsaya, ya faɗi irin na'urar, mai harba haske ce da ake saitawa kamar bindiga, ya ce ya gwada lafiyarta kafin ya fara aiki da bayan ya tashi, ya ce yana da takardar horo a kanta. Sai alƙaliya ta juyo ta ce, "Kana da tambayar da za ka yi masa?"

A nan nake so ku tsaya. Ni, baƙo, mai Turancin da sai an ce in maimaita, aka ba ni fili in titsiye mai bindiga a ƙugu. Na tambaye shi ko ya ga a-kori-kurar. Ya ce ba zai iya tunawa ba. Na tambaye shi tazarar da ke tsakaninmu lokacin da ya harba hasken, ya duba takardarsa ya faɗa. Na ce ta yaya ya tabbatar motata ce ba ta kusa da ni ba. Ya ce yana saita ɗigon a kan lambar mota ta gaba, kuma hasken siriri ne, ba ya bazuwa kamar tsohuwar na'urar rada. Duk amsar da zai ba ni sai ya haɗa da kalmar girmamawa. Bai harare ni ba, bai ce zan gamu da shi a waje ba.

Ban ci shari'ar ba. Alƙaliya ta ce hujjarsa ta fi tawa ƙarfi, ni kuma har gobe ina nan a kan bakana game da motar nan. Amma ta duba kwamfuta ta ga rajistata fes, ta ce za ta ba ni abin da suke kira PBJ, wato a jingine hukuncin, in biya tara da kuɗin kotu, ba maki, ba a rubuta cewa an same ni da laifi ba, da sharaɗin na haƙura da ɗaukaka ƙara. Na ce na gode ya mai shari'a. Na biya a taga da kati aka ba ni rasit.

Na san abin da za a ce, kuma wani ɓangarensa gaskiya ne. Wanda ake biya da awa ya yi asarar yini guda kafin ya ga alƙali, shi ya sa talaka da yawa ke biya kawai su haɗiye makin. Masu lauya su aka fara kira, wasunsu ko zuwa ba su yi ba, lauyan ya yi magana minti biyu aka sassauta. Wani abokina ɗan Gana ya ce ai cinikin bakin titi ne aka shigar cikin ɗaki aka sa masa kwat. Kuma a 2015 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka da kanta ta fitar da rahoto a kan garin Ferguson na jihar Missouri, ta nuna yadda 'yan sanda da kotun garin suka mayar da tara hanyar cika baitulmali, akasari daga aljihun baƙaƙe. Duk na yarda. Amma kuɗin da na biya na san inda ya shiga, yana da rasit, kuma mutumin da ya tuhume ni sai da ya rantse ya amsa tambayata. Ku faɗa min sau nawa kuka ga haka.

Sai dai ina jin haushi idan 'yan'uwa a nan suka fara cewa mu dai ba mu da tarbiyya, jininmu ne cin hanci. Ƙarya ne. A takarda mu ma a Najeriya muna da komai: hukumar kiyaye haɗurra tana nan tun 1988, akwai ƙa'idar kilomita 100 a babbar hanya, akwai tsarin maki, akwai kotun tafi-da-gidanka. Abin da na lura da shi a wannan shari'a shi ne ɗan sandan nan bai sake ni don ya fi namu tsoron Allah ba. Ya sake ni ne don ya san inda nake kwana. Lasisina na ɗauke da lambar gida da sunan titi, rajistar mota haka, inshora haka, banki haka. Idan na tashi daga gida doka ta ba ni kwana 30 in sanar da hukumar lasisi, wanda ba ɗan ƙasa ba kuma kwana 10 ne ya sanar da hukumar shige da fice. Ma'aikacin gidan waya na zuwa ƙofata kwana 6 a mako. Ina zan gudu?

To ɗauki namu jami'in ka tsayar da shi a rana. Idan ya rubuta takarda ya bar direba ya wuce, ina zai aika masa da sammaci? Adireshin da ke jikin lasisin na gidan kawu ne da aka sayar tuni, motar kuma har yanzu da sunan mai ita na farko. Dole ya riƙe abin da hannunsa ya kama, makulli ko lasisi ko motar kanta, kuma da zarar ya riƙe an buɗe kasuwa. Ko mutumin da ya rubuta min takarda ka kai can ka ba shi albashin namu jami'in da irin wannan adireshin, ban ba shi wata uku ba. Kafin a sayo wa kowa sababbin na'urorin auna gudu, a fara lambata gidaje tukuna.

Da na yi wa Yaya wannan dogon bayani sai ya ce, "To mun ji. Gwamnati ta san gidanka. Maƙwabcinka ya san sunanka?" Na yi shiru, domin wanda muke haɗa bango da shi hannu kawai muke ɗaga wa juna a wajen ajiye mota. A gida kuwa ko yau ka sauka a tasha ka ambaci sunan mahaifinmu, yaro zai kai ka har zaure ba tare da lamba ko ɗaya ba. Ya ce da a gida ne aka kira ni kotu, da shi da Baffa da mai unguwa sai sun cika mota sun raka ni, ko da a kan akuya ne. Na ce masa ai rakiyar nan ce take kashe mana doka, kowa da wanda zai sa baki. Ya ce doka ta mutu ɗin, shi dai ba zai bar ƙaninsa ya tsaya gaban alƙali shi kaɗai ba, kuma in daina ɓoye musu irin wannan sai bayan an gama. Daga nan ya koma tambayar ko da babbar sallah zan zo, tun da Hajiya ta fara ƙirga shekarun da ban zo ba a gaban baƙi.