Lanƙwasar salansar motar dizal ba lalacewa ba ce

Wai don Allah masu sayen motocin Beljiyam a Gombe, ku daina kai motar dizal wajen mai walda ya miƙe muku bakin salansa. Da yawa in sun ga bututun ya sunkuya yana kallon ƙasa sai su ce ai an buge ta ne a hanya, ko wani bakanike ya lanƙwasa. Haka kamfani ya ƙero ta malam.

Tsohon injin dizal yana fitar da baƙin hayaki mai kunkunniya, in bakin yana kallon baya duk zai shafe bamba da fitilun baya, kuma ɗan acaɓan da ke bin ka a cunkoson Tashan Dukku shi zai shaƙe shi a fuska, shi ya sa suke karkatar da shi ƙasa ya bugi kwalta. Miƙe bakin ba ya ƙara gudu, ba ya rage shan mai.

Sababbin kuwa suna da matatar da ke riƙe kunkunniyar, Peugeot 607 ta zo da ita tun 2000, dokar rage hayakin mota mai suna Euro 5 ta 2009 ta sa kusan kowa a Turai ya saka, don haka sau da yawa za ka ga nasu a miƙe. In irin wannan ce kuma tana baƙin hayaki, to a duba matatar ko nozul mai fesa mai cikin inji.