Tsakanin "sanyi ne" da takardar gwajin jini

Ƙarfe biyun dare babban yatsan ƙafata ya tashe ni. Ya kumbura, ya yi jawur yana sheƙi, ko mayafi ya taɓa shi sai in ji kamar garwashi aka ɗora. Da na kira gida amsa ɗaya na samu: sanyin ƙasar da kake zaune ne ya shige ka. Likitan nan kuwa jini ya ɗiba, ya ce gawut ne. Idan sinadarin yurik asid ya haura miligiram 6.8 a kowace desilita ta jini, yakan daskare ya zama ƙananan allurai a cikin gaɓa.

Bayaninsa ya fi na gida, ba na musu. Amma shi ma bai cika min ciki ba, domin mafi yawan masu yurik asid mai yawa har su tsufa ciwon bai taɓa tasar musu ba. To me ya sa ni?

A nan ne na ga amfanin binciken da ake yi kan maikro-RNA, wasu guntayen RNA (sinadarin da ke ɗaukar saƙon gado a cikin ƙwayoyin jiki) masu harufa kusan 22 kacal. Ba sa gina furotin, aikinsu rage wa wasu ƙwayoyin gado ƙarfi. A jikin wata 'yar tsutsa aka fara gano su a 1993, aikin da ya sa Victor Ambros da Gary Ruvkun suka samu kyautar Nobel a 2024.

Allurar yurik asid ɗin nan ba ita kaɗai ke jawo raɗaɗin ba, garkuwar jiki ce ke harzuƙa da ganinta. Wani tarin furotin da ake kira NLRP3 ya farka, ya saki IL-1 beta, sinadarin da ke tayar da kumburi, gaɓa ta kama wuta. Shi miR-223, ɗaya daga cikin maikro-RNA, kai tsaye yake danne NLRP3 ɗin. Ɗan'uwansa miR-146a kuma birki ne, yana rage TRAF6 da IRAK1, furotin masu isar da saƙon kumburi, kuma ɓerayen da aka cire musu shi kumburinsu ya fi tsanani. Ashe yadda garkuwar jiki ke amsawa ma na da hannu a ciwon. Wannan ya taɓa ni sosai, don na daɗe ina zargin kaina.

Har yau ba a fitar da maganin gawut daga waɗannan guntaye ba, kada wani ya yaudare ku. Alofurinol mai rage yurik asid nake sha kullum, kolcisin mai rage kumburi kuma idan ciwon ya taso. Roƙona ga 'yan'uwa da ke fama da yatsa mai kumburi cikin dare suna cewa sanyi ne: a je a auna jinin.