Wai Da Buroshi Muke Yi Wa Mota Fenti

Wani ya kwarzane mini ƙofar baya ta mota a wurin fakin na wani kanti a nan Jidda, ya yi tafiyarsa. Da na sa farce sai ya maƙale a cikin kwarzanen, a wani wurin ma har ƙarfe na ƙyalli. Wannan ya wuce a goga folish, sai fenti. A garin da ke bakin Bahar Maliya kuwa, ga laima ga gishiri a iska, ba a barin ƙarfe tsirara, tsatsa ba ta jira.

Ina zaune a gareji ina jiran aiki sai wani mai mota, da ya ji daga Najeriya nake, ya ce ai ya ji mu can da buroshi muke yi wa mota fenti. Shi a ganinsa raha ce. Ni kuwa har yau maganar tana ci mini rai.

Bari in fara ba su haƙƙinsu. A nan kafin a taɓa jikin mota sai ka kawo takardar izinin gyara daga hukumar Murur ta 'yan sandan hanya, wadda yanzu ake cira ta manhajar Absher, don kada wanda ya buge mutum ya gudu ya je ya shafe shaida. In motoci biyu ne suka gogi juna, ba cacar baki, Najm ake kira, kamfanin da aka kafa a 2007. Ma'aikacinsu ya ɗauki hoto, ya raba laifi kashi-kashi, a tura ka a ƙiyasta ɓarna, inshora ta biya. Ni da ban ga wanda ya yi mini ba, kuma inshorata ta ɓarnar da na yi wa wani ce kawai, aljihuna ne ya ɗauka.

Mu'allim ɗin da ya karɓi motar, wato ogan aikin, Bayamane ne. Bai tambaye ni launi ba, ƙofar direba ya buɗe ya karanta lambar fenti a 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, ya shigar a kwamfuta, ta ba shi awon kowane launi a giram, ya auna a sikeli. Ya fesa a ɗan kati ya kara da jikin motar ƙarƙashin fitila. Fentin mota hawa-hawa ne: na share fage a kan ƙarfe, sai launi, sai mai ƙyallin nan marar launi a sama. Tunda kwarzanen ya ratsa duka ukun, sai da ya goge wurin da samfefa mai lamba 320, ya shafa ma'ajun, wato fila, siriri, ya fesa na share fage, ya sake gogewa da mai lamba 600 da ruwa har ya yi sumul. Daga nan aka lulluɓe sauran motar da takarda aka tura ta ɗakin da suke kira furun. Ɗaki ne rufaffe, fari tas, fitilu ta ko'ina, iska na shigowa ta sama a tace tana fita ta ƙasa, ko ƙura ɗaya ba ta sauka. A ciki ake fesawa, a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 60. Washegari ya bi da mai lamba 2000 da folish. Riyal 700 na biya, har da harajin kashi 15 cikin ɗari.

Aiki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Kuma a kasuwar Haraj, inda ake sayar da motocin hannu, mai saye da 'yar na'urarsa ta awon kaurin fenti yake zuwa, ya ɗora a kowace ƙofa. Fentin kamfani yakan tsaya tsakanin maikiron 100 zuwa 150 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), in ta nuna 300 an san an taɓa wurin, farashi ya sauka. Mu kuwa dillali zai rantse maka fes bodi ce alhali an lafta mata fila. Wannan aibinmu ne, ban musa ba.

To amma a je Kwakwachi a Kano ko Panteka a Kaduna a ga abin da ake kira hannu. Kun san yadda abin yake, ba sai na faɗa ba: rumfar kwano, janareta, hazon hunturu, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a yi sammako kafin iska ta taso. A haka mutum zai fitar da ƙofa ka rasa wadda aka fesa. Lambar fenti launin ranar da mota ta fito daga kamfani take ba ka. Motar da ta shekara goma sha biyar tana shan rana ta koɗe, launinta ba ya cikin kowace kwamfuta, sai a idon mai fenti. Shi kansa mu'allim ɗin nan, bayan kwamfuta ta gama nata, na ga ya ɗiga baƙi kaɗan da ido kafin ya gamsu. Abin da yake yi a ƙarshen aiki shi namu suke yi tun daga farkonsa, ba sikeli ba furun. A ba ɗan Kwakwachi ɗakin nan da wutar da ba ta ɗaukewa, sannan a zo a yi mini zancen buroshi.

Kuma su wa ke aikin a Sina'iyya, unguwar garejin nan? Yamanawa ne da 'yan Pakistan da Misirawa da 'yan Sudan da 'yan Bangaladash. Mai yi mini gorin ba ɗan'uwansa ne ke riƙe da bindigar fenti ba. Baƙi ne irina, iƙamarsu, wato takardar zama, a hannun kafil, uban gidan da ya tsaya musu, sunan da ke allon gareji ba nasu ba ne. Mutum ya yi furfura yana shaƙar tina, ranar da ƙarfi ya ƙare a buga masa fita, ya tafi da jakarsa. Ban ga yaro ko ɗaya yana koyo a gefen mu'allim ba. Wannan ya fi komai taɓa ni. A gida oga yana da yara, yana ci da su, yana tsawata musu, ran da ya yaye ɗaya a yi walima a sa masa albarka, ya kafa tasa rumfar a kira ta da sunansa. Ka kai mota ba ka da cikon kuɗi, ya ce Alhaji tafi, in Allah Ya hore ka kawo. A nan kati kake gogawa a ba ka rasit, gobe ko a hanya kuka haɗu ba lallai ya gane ka ba.

Ɗan yayata yana koyon fenti a Kano, ya dame ni da waya in nemo masa biza, wai Kawu nan ba a samu. Na san ba ƙarya yake yi ba, kuɗin man janareta kaɗai ya isa ya cinye ribar yini. Duk da haka na ce masa a'a, ya tsaya ogansa ya yaye shi. Na yi masa alkawarin bindigar fenti mai kyau da takunkumin da ke tare tina da na'urar awon kauri, zan ba masu dawowa daga Umara su kai masa. Ya yi fushi, ya kai ƙarata wurin uwarsa, ita kuma ta goyi bayana.