Sukari da haƙoran manya

Jama'a, mun mayar da ruɓewar haƙori cutar yara masu shan alewa, alhali manya ma na nan a layin likita, hannu dafe da kunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 kusan mutum biliyan 2 ne ke fama da ruɓewar haƙoran girma.

A ganina babban abin da ke hana babba rage zaƙi shi ne sukari ba ya cizo nan take. Yau ka sha, gobe ka sha, shiru kake ji. Ƙwayoyin cutar da ke maƙale a dattin haƙori ne ke cinye sukarin, su fitar da tsami mai zaizaye ɓawon haƙori sannu a hankali. Kafin ka kurɓi ruwan sanyi ka ji tsam har cikin ka, rami ya riga ya yi nisa. Ga sabo, turken wawa. Ga gajiyar aiki da ke kai hannu kan biskit ba tare da shawara ba. Wasu kuma sun bar sukari sun koma zuma da lemon kwali suna ganin sun tsira, alhali a wurin haƙori duk kanwar ja ce.

Tun 2015 hukumar ta ba da shawarar babba ya tsaya ƙasa da kimanin giram 50 na sukari a rana, in da hali ma 25, wato cokalin shayi 6. Gwangwanin lemo ɗaya kan ɗauki wajen giram 35.

Amma abin da na fi so a gane shi ne sau nawa ake komawa. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, yawu na buƙatar rabin awa zuwa awa guda kafin ya kashe tsamin. Wanda ya ajiye kofin shayi mai zaƙi yana kurɓa daga safe har rana ya hana yawu aikinsa, ya fi cutuwa a kan wanda ya sha nasa tare da abinci ya tashi.

Shi ya sa ban yarda da wa'azin "daina gaba ɗaya" ba, kwana kaɗan yake yi. Abin da ke motsa babba shi ne kuɗin cike rami, da daren da ciwo ya hana shi runtsawa, da kunyar yin dariya a taro. Rage cokali ɗaya-ɗaya, harshe zai saba. Ka haɗa zaƙinka da lokacin cin abinci, tsakani ruwa kawai. Da dare ka goge da man da ke da fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, ka tofar, kada ka kuskure baki da ruwa.