Aljani mai silifas

Don kawai na iya gyara firinta, oga ya naɗa ni mai kula da Kitsu a situdiyonmu da ke Zoo Road a Kano. Manhaja ce ta wani kamfanin Faransa, CGWire, kyauta ce idan za ka ɗora ta a kwamfutarka. Kowace ɗauka ta fim tana da layinta, da sunan mai aikinta, da inda aka kwana: WIP ana kan yi, WFA ana jiran darakta, Retake a sake, Done an gama, launinsa kore shar.

Darakta kuwa ko leƙa ta ba ya yi. Ƙarfe biyun dare zai turo murya ta WhatsApp: "Aljanin nan ya cika fara'a, a rage masa." Ranka ya daɗe, wanne daga ciki? "Wanda ya fito ta bango mana." Aljanun fim ɗin nan kaf ta bango suke fitowa, babu mai bin ƙofa.

Da farko na kulle Done, darakta kaɗai ke iya danna shi. Yaran suka kai ƙarata. Oga ya ce, "Malam, nan ba ma'aikatar gwamnati ba ce, ka buɗe wa kowa." Na buɗe. Daren Alhamis na bar allo jawur da Retake, safiyar Asabar na tarar da shi kore kamar gonar shinkafar Kura. Kafin in yi magana oga ya kira Alhaji furodusa, wai a zo a ga aiki.

Alhaji ya zo da abokansa, aka kunna wurin da buta za ta tashi sama ita kaɗai. Yadda ake yi, yaro ne ke sa koren kaya tun daga kai har ƙafa ya ɗaga butar, daga baya a goge shi, hoto 24 a kowace daƙiƙa. Buta ta tashi kam. A ƙarƙashinta ga yaronmu tsaye, kore fatau, da silifas ɗinsa na wanka, har yana sosa ƙeya.

"Wannan shi ne aljanin?" in ji Alhaji.

Kowa ya juyo kaina. Oga ya ce ai kwamfutata ce ta ce an gama. Na ce a yi haƙuri, manhajar tana ajiye sunan duk wanda ya danna abu, yanzu za a ga mai laifi. Na latsa, shafi ya ƙi buɗewa. Na leƙa ƙarƙashin tebur, ashe yaron mai shayi ya zare wayar kwamfutar da Kitsu ke ciki, ya jona cajin wayarsa.

Alhaji ya sa aka maimaita wurin, ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce shi bai taɓa ganin koren aljani ba, a bar masa kayansa. Silifas ɗin dai a cire, kada mutane su ce bai kashe kuɗi ba.