Otal mai shekara 800 a Ingila, da gidajen barikinmu da suka zama kufai

A Malmesbury, wani ƙaramin gari da ke yankin Wiltshire a nan Ingila, akwai otal mai suna Old Bell. Wajen shekarar 1220 aka gina shi don saukar baƙin majami'ar garin, inda aka binne Athelstan, wani tsohon sarkin Ingila. Har yau ana kwana a ciki, ana girki, ana biki. Tsohon murhunsa na dutse yana nan, matakalar bene na ƙara idan ka taka, ƙasan wasu ɗakuna ma ya ɗan karkace, kuma baƙi na biyan kuɗi da murna saboda wannan tsufan.

Da farko dai, doka na tsare shi. Ginin na cikin waɗanda aka yi wa rajista a mataki na ɗaya na gine-ginen tarihi, don haka ko taga mai shi zai sauya sai ya nemi izinin hukuma, in ya yi gaban kansa kuwa sai kotu. Masu irin waɗannan gine-gine na kokawa da tsadar gyara, kuma suna da gaskiya. Amma a ganina abin da ya fi doka aiki shi ne har yau ana amfani da ginin. Kuɗin kwanan baƙo shi ke biyan magini, kuma rufin da ake kwana a ƙarƙashinsa, ranar da ya fara yoyo a ranar ake sani.

Abin da ke ci mini rai shi ne mu ma muna da namu. Garuruwa da dama a Arewa na da gidan saukar baƙi na bariki tun zamanin Turawa, mai katanga kauri da darbejiya a tsakar gida. Da yawansu yanzu sai jemagu da awaki, ko kuma a yanka filin a sayar a yi shaguna. Alhali mu ne jikokin fatake, mun san zango, mun san darajar fatoma, mai saukar da baƙi.

Agadas ta nuna ana iyawa. Fadar da aka gina wa Kawusan, jagoran Buzaye da ya yaƙi Faransawa, daura da babban masallaci, ita aka mayar Hôtel de l'Aïr, ginin ƙasa ne kuma bai faɗi ba, yana cikin tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013.

Da zan samu kunnen shugaban ƙaramar hukumarmu, roƙona ɗaya ne: a ba wani ɗan gari hayar barikin na tsawon shekaru, a rubuta masa sharaɗi cewa ba zai rushe ko bango ɗaya ba, zai kuma yi yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina.