Bakano Ya Ɗauki Bazazzage Aikin Gyaran Kamfani

Wani Bakano mai cinikin hatsi da takin zamani ya buɗe reshe a Sabon Garin Zariya, ya kuma ƙuduri aniyar sauya yadda kamfaninsa yake tafiya. Sai aka haɗa shi da wani Bazazzage da ya karanci harkar gudanarwa a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma kowa ya san Kanawa da Zazzagawa ba sa haɗuwa a tashi babu tsokana.

BAKANO: Malam, buƙatata kaɗan ce. A gina mini sito, a sa kwamfuta a madadin littafin lissafi, a koya wa yarana aiki da ita. Faɗi kuɗinka in taya.

BAZAZZAGE: Alhaji, ilimi ba atamfar Kantin Kwari ba ne da za a taya. Abin da ka lissafa ayyuka uku ne, kowanne da ranar farawa da ranar gamawa da kasafinsa. Idan aka ɗaure su a kan buri ɗaya, wato buhuna su daina ɓacewa, sun zama shiri. Idan kuma aka tattara duk abin da kake kashe wa kuɗi domin kawo canji, na Kano da na nan, shi ne kundin ayyuka, inda ake zaɓar abin da za a yi da abin da za a bari.

BAKANO: Abu ɗaya na kawo maka, ka raɗa masa suna uku domin ka karɓi kuɗi sau uku.

BAZAZZAGE: Ka saurara, bawana. Ginin sito za a bi shi da tsarin PRINCE2, wanda gwamnatin Birtaniya ta fitar a 1996. Ana raba aiki mataki-mataki, kuma ba a sakin kuɗin mataki na gaba sai kwamitin aiki ya duba na baya, ya tabbatar cewa dalilin da ya sa aka fara aikin yana nan.

BAKANO: Ai tun ina saurayi ba na biyan magini kuɗin rufi sai na ga linta da idona. Ashe Turawa sai a 1996 suka gano wannan?

BAZAZZAGE: Ita kuwa manhajar lissafi hanyar Agile ce ta dace da ita, wadda mutum 17 suka rubuta manufofinta a jihar Yuta ta Amurka a 2001. A tsarin Scrum, ɗaya daga cikin hanyoyin Agile, ana yin aiki na mako biyu ko makamancin haka, a nuna maka abin da ya kammala, ka ce a gyara nan a ƙara can, sannan kullum ma'aikata su yi taron minti 15, galibi a tsaye.

BAKANO: Wannan na yarda da shi, domin wanda yake tsaye ba ya neman shayi da burodi. To, a gina siton ma haka, duk mako biyu in zo in sauya ra'ayi.

BAZAZZAGE: Harsashin gini ba ya karɓar sauyin ra'ayi, Alhaji. Kowane aiki a bar shi da hanyar da ta dace da shi, amma dukkansu su kai rahoto wuri ɗaya, a kan jadawali ɗaya, don kada a kawo kwamfuta sito babu rufi. Wannan shi ne aikin mai kula da shiri, kuma tsarin gudanar da shiri mai suna MSP na 1999 ya fi damuwa da amfanin da zai biyo baya, domin ana iya gama gini, a kunna kwamfuta, a yi walima, amma magatakardanka ya ci gaba da rubutu a tsohon littafinsa.

BAKANO: Shi wannan ya riga ya ce mini kwamfuta tana sa masa ciwon ido.

BAZAZZAGE: Ciwon zai tsananta ranar da ta fara ƙirga buhuna. Shi ya sa ake naɗa wani daga cikin ma'aikata ya jagoranci canjin, kuma ba a cewa an yi nasara sai lissafi ya nuna asara ta ragu.

A nan Bakano ya yi shiru, abin da ba a saba gani ba wurin mutanen Kano idan ana maganar kuɗi.

BAKANO: Shi kundin nan, ka ce ana jera komai a duba kuɗinsa da amfaninsa, wanda bai biya ba a dakatar da shi?

BAZAZZAGE: Ko da an riga an kashe masa kuɗi, Alhaji. Yau ka fahimci karatu.

BAKANO: Madalla. To, na sa kuɗin shawararka a cikin kundi. Zan biya ka mataki-mataki, kuma matakin farko sai ranar da buhuna suka daina ɓacewa.

BAZAZZAGE: Alhaji, ai kuɗin mai ba da shawara a wajen kundi yake zama.

BAKANO: Mu tattauna wannan gobe da safe, minti 15, a tsaye.